Ƙa'idojin wasanni a jami'o'in Amurka: abin da ke hana yaro taka fili tun kafin ya bar gida

Tambaya: Wani uba daga Kaduna ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 18 ya gama sakandare a watan Yulin da ya wuce, yana buga ƙwallon kwando a wani kulob da ke ba shi ɗan alawus duk wata. Yanzu ya samu gurbin karatu a wata jami'a a nan gida, ga kuma wani mutum da ya ce zai samo masa sikolashif a Amurka in an sa hannu a wata takarda. Uban ya ji ana cewa yaro kan isa can a hana shi wasa saboda wasu ƙa'idoji. Yana son sanin waɗanne ne, wa ke sa ido a kansu, me kuma ya kamata su kiyaye.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba. Hakeem Olajuwon da kansa, da ya bar Legas ya sauka Jami'ar Houston a 1980, bai buga wasa ko ɗaya ba a kakarsa ta farko saboda izinin bugawa bai fito ba. Nasa dai jinkiri ne kawai, don a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka. Wasu kuwa ƙofar rufewa take yi gaba ɗaya, kuma yawanci abin da ya rufe ta a gida aka yi shi, yaro bai ko ga filin jirgi ba. A wasiƙarka akwai irin waɗannan abubuwa har huɗu: gurbin jami'ar gida, watannin da suka shige tun gama sakandare, alawus ɗin kulob, da takardar wannan mutumin.

Mai waɗannan ƙa'idoji ita ce NCAA, kuma ba hukumar gwamnati ba ce. Ƙungiya ce ta jami'o'i da kwalejoji wajen 1,100, an kafa ta a 1906, hedikwatarta na Indianapolis, kuma tun 1973 ta kasa makarantun gida uku. Rukuni na ɗaya su ne manya masu kuɗi da talabijin, na biyu matsakaita, na uku kuwa ba sa ba da sikolashif don wasa sam. Duk abin da zan faɗa na rukuni na ɗaya ne, sai inda na ce ba haka ba. Makarantun ne suka rubuta wa kansu dokokin, kuma kowace ita ke da alhakin tsare kanta. Shi ya sa kowane sashen wasanni ke da ofishin kula da bin ƙa'ida. A ƙaramar makaranta mutum ɗaya ne ko biyu, a babba sukan kai goma. Su ke sa hannu cewa wane ya cancanci bugawa kafin a fara kaka, su ke bin lissafin kiran waya da ziyarar da masu horarwa ke kai wa yaran da suke zawarci, su ke ƙirga awannin atisaye, kuma in an yi kuskure su ke kai ƙarar makarantarsu da hannunsu.

Dalilin tsaurinsu a fili yake. In makaranta ta sa yaron da bai cancanta ba a wasa, ana iya goge duk nasarar da aka samu da shi. Jami'ar Memphis ta ci wasa 38 a kakar 2007 zuwa 2008, ta kai har wasan ƙarshe na ƙasa, amma a 2009 aka goge su duka saboda an soke sakamakon jarrabawar ɗan wasa guda. Jami'in da ya san wannan labari, in ya ga ɗigon shakka a fayil ɗin ɗanka, ajiye shi zai yi a benci har sai an wanke shi, komai son da koci ke masa.

Mu fara da gurbin jami'ar gida, don shi ne mafi gaggawa kuma shi iyaye suka fi raina wa. A rukuni na ɗaya, ɗan wasa na da kaka huɗu da zai buga cikin shekara biyar. Agogon shekara biyar ɗin nan yana fara tafiya ne ranar da yaro ya yi rajistar cikakken ɗalibi a kowace jami'a ko kwaleji, ya kuma shiga aji. Ba a ce ta Amurka ba. Zariya ce, Kano ce, Yamai ce, duk ɗaya. Kuma da ya fara ba ya tsayawa: ko ya bar karatun bayan zango ɗaya, ko yajin aikin malamai ya cinye wata takwas, agogon na ci. Ƙari a kan haka, daga ranar ya tashi daga sabon ɗalibi ya koma mai sauya makaranta, sai a duba darussan da ya ci a nan da waɗanda jami'ar can za ta yarda ta karɓa. In ya buga wa jami'ar tasa gasa, hakan na iya cinye masa kaka ɗaya cikin huɗun. Ban ce kar ya shiga jami'ar gida ba. In maganar Amurka alkawarin baki ce kawai, barin gurbin da ke hannu cinikin biri a sama ne. Amma ku shiga da sanin farashinsa. A rukuni na biyu abin ya fi sauƙi, don zangon karatu suke ƙirgawa, guda goma, kuma wanda yaro ke ciki a matsayin cikakken ɗalibi kaɗai.

Zaman jira a gida ma da nasa tarkon. Bayan gama sakandare yaro na da shekara ɗaya da zai ci gaba da buga gasa ba tare da hukunci ba. A wasan tanis wata shida ne kawai. In shekarar ta cika bai shiga jami'a ba, ya kuma ci gaba da buga gasa, duk shekarar da ya taɓa wasa a cikinta za a cire masa kaka ɗaya, sannan in ya isa can ya zauna shekara guda ba ya bugawa. Abin da suke kira gasa ya fi yadda muke zato faɗi. In ana rubuta maki a hukumance, ko akwai alƙalin wasa, ko ƙungiyoyi na sanye da riguna iri ɗaya, ko an buga jadawali tun da wuri, ko ana karɓar kuɗin shiga, ɗaya daga ciki ya isa. Kofin da ake sawa a unguwa lokacin hutun Sallah zai iya shiga. Atisaye kuwa ba laifi. Ranar da suke fara lissafi da ita kuma ita ce ranar da ajinsa ya kamata ya gama, gwargwadon shekarar da ya fara. Sake zama WAEC ko NECO don gyara sakamako ba ya tura ranar gaba. Ɗanka ya gama a Yuli, saboda haka ku ɗauka zuwa Yuli mai zuwa yake da shi, daga nan in bai tafi ba ya dakatar da gasa har sai kun ji daga bakin jami'in wata makaranta.

Sai alawus. Tun 2010 an yarda yaro ya buga tare da ƙwararru kafin ya shiga jami'a, da sharaɗin abin da ya karɓa bai wuce ainihin kuɗin da wasan ya ci masa ba: abinci, masauki, mota, takalmi da riga, magani, kuɗin shiga gasa. Abin da ya haura wannan albashi ne a wurinsu. Enes Kanter ya zo Jami'ar Kentucky daga Turkiyya a 2010, aka lissafa cewa kulob ɗin Fenerbahçe ya ba shi dala 33,033 sama da abin da ya kashe, aka hana shi bugawa har abada. Bai taɓa sa rigar makarantar a gasa ba. Shi ya sa 'yan makarantar horon NBA da ke Saly a Sanagal, in aka raba su ga kulob-kulob na BAL, gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Afirka, ba a biyansu albashi.

Gaskiya a 'yan shekarun nan igiyar ta yi sako-sako. A ƙarshen 2025 an wanke James Nnaji, ɗan Najeriya da ya buga wa Barcelona har aka zaɓe shi na 31 a zaɓen NBA na 2023, ya shiga Jami'ar Baylor, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Amma kar ka gina shiri a kan wannan. Kowane fayil daban ake duba shi, kuma irin su Nnaji na da lauyoyi da takardu. Alawus ɗin ɗanka, in aka juya shi zuwa dala, mai yiwuwa bai kai kuɗin motarsa da abincinsa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne hujja. Kulob ɗinmu da yawa a hannu suke biya, ba rasit, ba kwantiragi, ko kuma akwai wata takarda da aka sa yaro ya sa wa hannu yana shekara 16 ba a ba shi kwafi ba. Ka je wurin sakataren kulob yanzu, tun kuna shiri da juna, ka karɓi wasiƙa a kan takardar kulob mai hatimi da ke faɗin ranar da ya fara, nawa ake ba shi, na mene ne, da kwafin duk abin da ya taɓa sa wa hannu. Ku sami littafi ku riƙa rubuta abin da yake kashewa kowane wata. In ta asusun banki ake turowa, ku ciro bayanin asusun ku ajiye.

Duk waɗannan bayanai wuri ɗaya suke zuwa, cibiyar tantance cancanta ta NCAA. Yaron da kansa zai buɗe asusu a shafinsu na intanet, ya biya kuɗin rajista, ya amsa tambayoyi kan kowace ƙungiya da ya taɓa buga wa. Kar a bar mai shagon kwamfuta ya cike masa da ka. Su ma suna bincike, kuma sunan yaro a shafin sakamakon wata gasa da bai ambata ba ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni.

Ɓangaren karatu kuma, ana son darussan tushe 16 a shekara huɗun ƙarshe na sakandare, wato daga JSS3 zuwa SS3: huɗu na Turanci, uku na lissafi, biyu na kimiyya, ɗaya ƙari daga cikin waɗannan ukun, biyu na zamantakewa irin tarihi da labarin ƙasa, sai huɗu na cikewa, inda harshe kan shiga. Darussan sana'a da na motsa jiki ba sa cikin lissafi. Matsakaicin maki ya kai 2.3 cikin 4 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu. Wanda ya faɗo tsakanin 2.0 da 2.3 zai iya karɓar sikolashif ya yi atisaye, amma ba zai buga gasa ba a shekarar farko. Tun Janairun 2023 NCAA ta daina neman SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a ta Amurka, sai dai jami'ar da kanta na iya nema kafin ta ba da gurbi, don tantancewar NCAA daban, samun gurbi daban. Za a buƙaci sakamakon kowace shekara daga makarantar, da na WAEC ko NECO, kuma akan nemi lambar katin duba sakamako don a gani da ido. Takardun da ke cikin Larabci, ko na Faransanci irin na 'yan'uwanmu na Nijar, sai an haɗa da fassarar Turanci layi bayan layi.

Abin da ya fi cin lokaci a nan ƙaramin abu ne. Suna Muhammad a WAEC, Mohammed a fasfo, Muhammadu a takardar firamare. Sunan uba a gaba a wannan, a baya a waccan. Ranar haihuwa ta bambanta tsakanin fasfo da rajistar hukumar wasa saboda wani koci ya taɓa rage masa shekara biyu don ya shiga gasar 'yan ƙasa da 16. Na suna rantsuwar kotu kan gyara shi. Na shekaru kuwa, in an taɓa, ku faɗa da bakinku tun farko.

A ce komai ya tafi daidai ya isa. Abu na farko da zai ba Bahaushe wahala shi ne alheri. Mu a wurinmu baƙo in ya sauka a garin da ke da ɗan'uwa, a ba shi masauki, a saya masa rigar sanyi, a sa masa wani abu a aljihu, kuma maida kyauta rashin kunya ne. A can akwai mutanen da doka ta ware, waɗanda za mu iya kira iyayen ƙungiya: duk wanda ya taɓa ba sashen wasanni gudummawa, ko ya shiga ƙungiyar magoya baya masu biyan kuɗi, ko ya taimaka wajen jawo ɗan wasa. Wanda ya shiga wannan sahu ba ya fita har ya mutu. Tsohon ɗan wasan NBA Penny Hardaway ya ba Jami'ar Memphis dala miliyan ɗaya a 2008. A 2017, yana kocin sakandare, ya ba mahaifiyar James Wiseman dala 11,500 kuɗin tashi daga wani gari zuwa Memphis. Da yaron ya shiga jami'ar a 2019, aka dakatar da shi wasa 12, aka ce ya biya adadin ga wata ƙungiyar agaji. Kyautar shekara tara baya ita ta mai da taimakon laifi.

Ma'aunin da ɗanka zai riƙe shi ne: wannan abu, ana ba kowane ɗalibi, ko don ni ɗan wasa ne? Buɗa-baki a masallaci da kowa ke ci, ba komai. Likita ɗan Najeriya mai tikitin kallon wasannin ƙungiyar na kaka guda ya ba shi aron mota, ko ya biya masa jirgin zuwa gida, ko mai shago ya yi masa ragin da ba ya yi wa kowa, wannan laifi ne. Cin abinci jefi-jefi a gidan irin waɗannan mutane an yarda, in an sanar da ofishin bin ƙa'ida tukuna. Dangi da wanda aka san shi tun kafin yaro ya yi suna a wasa ba su cikin wannan, amma ofis ne zai yanke haka, ba yaron ba. Tikiti huɗu da ake ba shi kyauta kowane wasa, ba a sayarwa, ba a musanya su da komai.

Za ka ce, to ai mun ji yanzu 'yan wasan jami'a na samun miliyoyi. Haka ne. Daga 1 ga Yulin 2021 an ba su damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, abin da ake kira NIL, wato talla da makamantanta. A Yunin 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 kowace makaranta a shekarar farko. Amma kuɗin na da ƙofar da yake shigowa: yarjejeniya a rubuce, aikin da aka yi a zahiri, kuma duk cinikin da ya kai dala 600 sai an kai shi wurin tantancewa. Ga ɗanka kuma akwai katanga ta biyu da ba ta NCAA ba. Bizar ɗalibi ta F-1 ta hana aiki a wajen makaranta ba da izini ba, kuma ɗaukar hoton talla a cikin Amurka aiki ne. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya buga wa Kentucky, sai da ƙungiyarsu ta je tsibiran Bahamas a Agustan 2022 sannan ya yi tallace-tallacensa a can. Jami'in bin ƙa'ida na iya cewa ciniki ya halatta a dokarsu, ya kuma zama ya karya sharaɗin biza. Kafin ya karɓi ko dala ɗaya, sai ya ga ofishin ɗaliban ƙasashen waje, in da hali da lauyan shige da fice. Ita kanta bizar dokokinta na yawan sauyawa ga ƙasashenmu, ku bi sanarwar ofishin jakadanci.

Ka kuma karanta takardar sikolashif da kyau. Akwai cikakke, akwai rabi, akwai kwata. Da yawa na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa, kuma dole makaranta ta sanar da yaro a rubuce kafin 1 ga Yuli in za ta rage ko ta janye, yana da damar ɗaukaka ƙara a cikin makarantar. Kuɗin makaranta ba haraji, amma ɓangaren abinci da ɗaki ana cire wa baƙo kashi 14 cikin ɗari, kuma yara da yawa ba sa sanin haka sai sun ga bashi a asusunsu.

Karatu a can ba a gama shi da shiga. Dole kowane zango yaro ya riƙe darussa na kiredit 12 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi). Ranar da ya ajiye darasi ɗaya ya faɗo 11, ranar ya daina cancanta, ko atisaye ba zai yi ba. Wannan kuskure na faruwa kullum: darasi ya yi tsauri, aboki ya ce ka sauke shi, yaro ya danna a kwamfuta da dare. Ya ci aƙalla kiredit 6 kowane zango, 18 a shekarar karatu, 24 kafin ya shiga shekara ta biyu. Kafin shekara ta uku ya gama kashi 40 na digirinsa, ta huɗu 60, ta biyar 80. Tarkon a nan sauya fanni ne, don darussan da ya ci a tsohon fanni ba lalle su shiga lissafin sabon ba, sai ka ga yaro mai maki mai kyau ya faɗi ƙasa da kashi 60. Akwai kuma dokar da ke kāre shi: atisayen dole ba ya wuce awa 20 a mako lokacin kaka, awa 4 a rana, da hutun kwana ɗaya, bayan kaka kuma awa 8. A zahiri tafiye-tafiye da zaman likita da abin da ake kira atisayen ganin dama ba sa cikin lissafin, don haka makon ya fi haka nauyi. Amma in aka kawo masa takardar awanni ya sa hannu, kar ya sa a kan abin da ba gaskiya ba.

Caca kuwa, ka zaunar da shi ka faɗa masa tun yanzu. An haramta wa ɗan wasa yin caca a kan duk wasan da NCAA ke gudanar da irinsa, har da na ƙwararru. Ƙwallon ƙafa na ciki, saboda haka naira ɗari biyu a kan wasan Firimiyar Ingila ta manhajar da ya zo da ita a waya daga gida, laifi ne. Wanda ya yi a kan ƙungiyarsa, ko ya tsegunta wa aboki cewa wane ya ji rauni ba zai buga ba don a yi caca da labarin, yana iya rasa cancantarsa har abada. A 2023 'yan wasa da dama a jami'o'in Iowa da Iowa State sun shiga wannan rami, wasu ta asusun da aka buɗe da sunan wani. A rufe asusun kafin ya hau jirgi.

Gwajin fitsari ma haka. Duk abin da aka samu a jikinsa shi ke da alhaki, ko ya sani ko bai sani ba, kuma maganin ƙara kuzari kan jawo dakatarwar shekara guda. Garin maganin gargajiya da kaka ta ƙulla masa, ƙwayar ƙarfin jiki ta kasuwa, garin gina tsoka marar tabbas, duka a kai wa likitan ƙungiya ya gani kafin a sha. Mai asma ya je da takardar likitansa. Har sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da goro na da iyaka, maikirogiram 15 a kowace mililita ta fitsari. Ɗan goro ɗaya ba zai kai shi nan ba, amma a haɗa da gwangwanayen lemon ƙara kuzari kafin wasa, ana iya kaiwa.

In an yi kuskure fa? Laifuka hawa uku ne, na ɗaya mafi muni, na uku ƙanana, kuma manyan makarantu kan kai rahoton ƙananan da kansu kowace shekara ba tare da kowa ya ji ba. Yadda abin ke tafiya: makaranta ta ayyana yaro bai cancanta ba, ta nemi a maido shi, ya biya ƙimar abin da ya karɓa ga ƙungiyar agaji, in abin da yawa ya zauna wasu wasanni. Sau da yawa cikin kwanaki an gama. Abin da ke mai da ƙaramin ciwo gyambo shi ne ɓoyewa. A 2009 Dez Bryant na Jami'ar Oklahoma State ya rasa ragowar kakarsa saboda ya yi wa masu bincike ƙarya kan ganawarsa da tsohon ɗan wasa Deion Sanders. Hukuncin na ƙaryar ne. A Ohio State 'yan wasa sun yi musayar kayan tarihi na ƙungiya da zanen jiki da kuɗi, kocinsu Jim Tressel ya sani ya yi shiru, a 2011 ya rasa aikinsa. Yaranmu sun taso da jin nauyin manya da gudun tona asiri, kuma wannan tarbiyya mai kyau kan sa yaro ya ce "ban sani ba" don ya rufa wa wanda ya taimake shi asiri. Ka gaya masa cewa a gaban jami'in bin ƙa'ida wannan amsar ita ce mafi tsada.

Na bar mutumin mai takarda a ƙarshe. Dokar ta ce duk yaron da ya yi yarjejeniya da ejan kan ya wakilce shi wajen neman ƙungiyar ƙwararru, a rubuce ko da baki, cancantarsa na cikin haɗari, haka ma in shi ko wani nasa ya karɓi wani abu daga hannun ejan: tikitin jirgi, waya, takalmi, kuɗin cefane. "Wani nasa" ya haɗa da kai, da kocinsa, da duk wanda ya tsaya a matsayin uban riƙo. Silvio De Sousa ɗan Angola ya rasa kaka guda cur a Jami'ar Kansas saboda dala 2,500 da uban riƙonsa ya karɓa, da farko ma kaka biyu aka yanke masa kafin ɗaukaka ƙara. Wakilin da zai kula da harkar talla kaɗai an yarda da shi, haka ma kamfanin da ke aika bidiyon yaro ga makarantu a kan kuɗi tsayayye. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne mai cewa a biya shi in sikolashif ya fito, ko a ba shi kaso daga ciki. Ka duba takardar ko akwai inda ta ce zai ci wani kaso na duk abin da yaron zai samu nan gaba, tsawon shekara nawa, kuma ta yaya ake fita.

Koci na gaskiya ba ya karɓar kuɗi don ya ɗauki yaro. Adireshin imel ɗinsa na ƙarewa da .edu, sunansa da hotonsa na shafin sashen wasanni na makarantar, kuma a wannan shafin za ka ga sunan jami'in bin ƙa'ida da adireshinsa. Ka tambayi mutumin sunan makarantar da sunan kocin da yake magana da shi. In ya faɗa, ka ɗauki hoton takardar shafi-shafi ka aika wa jami'in, ka rubuta masa ranar da ɗanka ya gama sakandare, sunan kulob ɗinsa, nawa ake ba shi, da maganar gurbin jami'ar gida, ka tambaye shi ko sa hannu zai taɓa cancantar yaron. Amsa irin wannan tambaya aikinsa ne, kuma ba a biya. In mutumin ya ƙi faɗin sunan makarantar, ko ya ce kar a tuntuɓe su don kar a ɓata shiri, ka maida masa takardarsa yadda ya kawo ta.